Gyara

Injin ban ruwa sittin na sayo,
masu ɗebo Galma su kai ta kwamin albasa.
A waya na ƙirga su.
Mutumin can yana ɗaga kowanne gaban kyamara
kamar mai nuna jariri ran suna.

Kafin su hau teku, ni na hau benen banki a PZ.
Yarinyar tebur na uku, Asabe Dogara,
ta ce, Alhaji, a wurin kwastan kaya ba su da suna,
lamba gare su.
Ta juyo mini fuskar kwamfuta:
allura da gidanta, tarakta da nata,
ko ƙusa an san dangin ubanta.
Akwai kayan da ake ce wa bismilla,
akwai waɗanda sai da takarda ta yi musu iso,
akwai waɗanda ko sallamarsu ba a amsawa.

Nawa masu neman iso ne.
Na kawo rajistar kamfani, na kawo lambar haraji,
takardar farashi, inshora,
da shaidar inganci daga inda aka ƙera su.
Na yi ta sa hannu
har sa hannun ya daina kama da nawa.

Tukur na Dakace ya sayar da bijimi ya ba ni kafin alƙalami.
Lawandi ya kawo nasa a ledar burodi,
'yan ɗari biyar-biyar masu warin taki.
Na ce musu, kafin irin tumatir ya isa dashe.
Ni na faɗa, da bakina.

Ranar Talata Barau, ejan ɗina, ya kira daga Legas.
An buɗe kwantena, sittin cif.
Na ce alhamdu lillahi.
Ya ce tsaya tukuna,
akwai katan biyu a ƙurya.

Maganin feshi ne.
Mutumin can ya ji daɗin ciniki
ya ƙara mini gyara.

A Sabon Gari in ka sayi mudu
mai awo kan ƙara maka tafi guda,
ka ce Allah amfana, ka ƙulle bakin buhu.
A bakin teku gyara ba shi da layi a fom.
Magani ajinsa daban, hukumarsa daban,
izininsa ana nemansa ne tun kaya ba su taso ba,
ni kuwa ban nemi izinin abin da ban san da shi ba.

Kwantena ta kwanta kamar baƙo a otal,
ita ke barci, ni ke biyan kuɗin kwana.
Ban zagi jami'in ba.
Ya karanta abin da na rubuta,
ya ƙirga abin da ya gani,
biyu ta yi saura.
Ko ni ne a kujerarsa, biyun zan gani.

Kullum bayan la'asar Tukur zai jingine babur,
ya zauna a bencin shago.
Ba ya tambaya.
Sai ya ce, yau rana ta yi,
ya dubi kantar da na share wa injuna wuri.
A mako na huɗu na ga tafin hannunsa:
da bokiti yake ban ruwa.

Kwana arba'in da ɗaya.
Na rubuta cewa na yafe katan biyu,
na biya tara, na biya kwana,
tirela ta sauke a Kwangila da asuba.
Lawandi ya ɗauki nasa bai ce komai ba.
Tukur ya shafa jan fentin, ya ce,
na baɗi ne.

Har yanzu saƙon mutumin can na cikin wayata:
Aboki, ka ga kyautar?
Ban amsa ba.

Jiya na sayi gyaɗa wajen Iya Tabawa.
Ta auna gwangwani biyu,
ta sake kai hannu cikin faranti,
sai na ji na riƙe mata wuyan hannu.